Darasi na 9: Zaɓen Kayan Dafa Burukutu Tun Daga Ƙwayar Dawa

A Kujama da ƙauyukan da ke kewaye da ita, mace takan shiga sana'ar burukutu ne ta ƙaramar ƙofa. Da farko sari take yi: ta kai jarka gidan wadda ta dafa, a auna mata, ta sayar, ta ci 'yar ribar da ke kai. In ta ɗan kama ƙasa sai ta fara sayen tsiron da wata ta riga ta shanya, ta ari tukunya ta dafa. Mataki na uku shi ne na wannan darasi, wato ta sayi dawa a buhu, ta jiƙa, ta tsirar, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, duk da hannunta. A nan riba take. A nan kuma jarin mata da yawa yake nutsewa, domin ranar da suka kwashi adashi sai su zarce kasuwa su sayo ƙatuwar tukunya, su dawo gida ba kuɗin randa, ba na mataci, ba na itace.

Ajinmu ya haɗa mutane iri-iri. Musulunci ya haramta giya, kuma coci-coci da dama a Kudancin Kaduna suna hana mabiyansu sha da dafawa. Wadda ba ta taɓa giya kada ta tsallake darasin. Mai kunun zaƙi da ke gami da tsiro, da mai ɗura wa yara kunu a jarka su tafi makaranta, kusan kaya ɗaya suke amfani da su, haɗarin da ke cikin kayan ma ɗaya ne. Wadda kuwa za ta dafa don sayarwa, ta fara jin ta bakin mai unguwa da ofishin Ƙaramar Hukumar Chikun game da dokar wurin da take zaune, kuma kada ta sayar wa yaro. Da yake mata ne ke riƙe da wannan sana'a a ƙasarmu, da ke zan yi magana, uwargida.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Ba za ki san kayan da za ki saya ba sai kin san aikin da dawa take so a yi mata. Cikin ƙwayar dawa sitaci ne, shi kuwa sitaci ba ya zama giya sai ya fara zama sukari. Idan ƙwaya ta sha ruwa ta fara tsira, takan haifar da wasu sinadarai da ke narkar da sitacin ya koma sukari, don ƙaramin tsiron ya samu abin ci. Abin da ya sa tsiro yake da zaƙi a baki ke nan. Mai dafa burukutu tana tsayar da tsiron ne da rana, ta karɓe waɗannan sinadarai su yi mata aiki a tukunya.

Amma akwai wata ƙulla. Sitacin dawa ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya haura, su kuma sinadaran da ke narkar da shi a daidai wannan zafin suke fara mutuwa. In kin dafa komai a haɗe, sitaci ya nuna amma masu aikin sun mutu, sai ki tashi da koko mai kauri ba zaƙi. In kin ƙi dafawa sosai, masu aiki suna raye amma sitaci a rufe yake, sai ya tafi cikin dusa, aladu su ci ribarki.

Kakanninmu sun warware wannan tun ba su san ma'aunin zafi ba. Sukan dama garin tsiro da ruwan sanyi, su bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama shi ne ya kwashi sinadaran, sai a tsiyaye shi a randa a ajiye gefe. Gasarar da ta kwanta a ƙasa ita ake dafawa har ta yi kauri. Sannan a mayar da ruwan nan a kai, zafi ya sauko zuwa wajen digiri 60 ko 65, sai ki ga kaurin yana sakewa a gaban idonki, zaƙi yana fitowa. Daga nan a bar shi ya kwana ya ɗauki tsami, a tace, a sake dafawa na sa'o'i, a huce, a zuba gami daga dahuwar baya, ya tashi. Gida-gida akwai bambanci, wasu ma har garin rogo suke ƙarawa, amma ginshiƙin ke nan. Haka ake dafa fito a arewacin Ghana, haka ake dafa dolo a Burkina Faso.

Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne zai tsara miki sayayya: tukunya ɗaya, komai girmanta, ba ta dafa burukutu. Dole ga abin dafawa, ga abin ajiye ruwan da aka tsiyaye, ga inda zai kwana ya tashi. Matsakaitan mazubai uku sun fi ƙato ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Samari kan nuno mini a waya yadda Turawa ke dafa giyar gida da wata tukunyar ƙarfe mai famfo da lantarki, suna tambaya ko a yo odarta. Waccan don sha'ir aka ƙera ta. Sitacin sha'ir yana buɗewa a zafin da sinadaransa ke jurewa, shi ya sa su sukan jiƙa gari a digiri 65 ko 67 na sa'a guda su tace, shi ke nan. Kuma sha'ir yana da ƙaiƙayin da ke zama masa mataci, dawa ba ta da irinsa. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. Kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kakuri cikin Kaduna a 1963, kuma a lokacin da tsiron sha'ir na ƙasar waje ake aiki. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi a 1988, sai da kamfanonin giyar ƙasar nan suka sake tsarin dahuwarsu don ya karɓi dawa da masara, suka rungumi irin dawa kamar SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. In kamfani da injiniyoyinsa sun bi halin dawa, ke ma ita za ki bi.

Kayan tsiro

Nan ne aka fi rainawa, don kayan ba su da tsada. Baho ko randar jiƙo, buhunan algarara, kwando, tabarma ko tamfol na shanya, faifan sheƙa. Duka ba su kai kuɗin tukunya ɗaya ba, amma tsiron da ya lalace babu tukunyar da za ta gyara shi.

Abin jiƙo ya kasance mai faɗin baki, don ki iya kwashe ƙwayar da ta taso sama, ki kuma sauya ruwa ba wahala. Dawa takan sha ruwa kwana ɗaya ko ƙasa da haka, sannan a tsame a kwando, a baza a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma ana juyawa, har kwana uku zuwa biyar. Buhun algarara ya fi buhun leda domin yana riƙe danshi kuma iska tana ratsa shi. Leda gumi take tarawa, gumi kuwa shi ke kiran funfuna. Tsiron da ya yi kore ko baƙi, ko yake warin ruma, zubar da shi. Akwai funfunar hatsi mai fitar da guba mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe wannan gubar. Buhun da ya taɓa ɗaukar takin zamani ko irin shuka mai magani, kada ya kusanci tsironki ko an wanke shi sau goma.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Ɗanyen tsiron dawa, wato ɗan ganyen da saiwar, yana ɗauke da guba irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci. Makiyaya sun san haka, shi ya sa ba sa barin shanu su faɗa wa gyauron dawa. Saboda haka sai tsiro ya bushe ƙayau, a murje shi da hannu, a sheƙe saiwar a zubar, kafin a kai niƙa. Doguwar tafasa tana ƙara korar abin da ya rage. Kada yara su riƙa tsintar ɗanyen tsiro suna tauna don zaƙinsa, kuma ki yi wa wurin shanya shinge saboda awaki.

Da damina shanya ita ce matsala a wannan yanki. A Kafanchan da Kagoro ruwa kan wuni yana zuba a watan Agusta, tsiro ya ƙi bushewa. Wadda ke da hali ta yi siminti ɗan madaidaici a tsakar gida, ta tanadi tamfol na rufewa. Wadda ba ta da shi ta yi tsiro da yawa tun da rani, ta busar sosai, ta adana a kan katako nesa da ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injin niƙa kuwa kada ki saya. Aikin minti kaɗan ne a mako, kuma ba unguwar da ba mai inji. Ki dai ce masa ya ɓarza, kada ya mayar da shi lilis kamar garin tuwo, don gari mai laushi toshe mataci yake yi. Ki kuma tsaya a wanke injin in an niƙa barkono ko wake kafin ki.

Tukunya da abin da tsami ke ci

Burukutu abu ne mai tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe. Duk abin da ya ci daga jikin mazubi, cikin mai sha yake ƙarewa. Wannan ita ce tambayar da za ki yi wa kowane kaya a kasuwa: in ruwan tsami ya kwana a cikinsa, me zai ɗebo?

Na taɓa raka wata gwaggona sayen duro ranar kasuwa. Ga su nan jere, shuɗi da baƙi, an wanke suna ƙyalli. Mai kayan ya buga ɗaya da tafin hannu, ya ce, "Mama, wannan ki ɗauka, man gyaɗa aka zubo a ciki." Ba ta ce masa komai ba. Ta sa aka buɗe murfin, ta zura kai ciki ta shaƙa, ta shafa gindin da yatsa ta duba a rana. Sai ta juya duron, ga ragowar takarda manne a jiki, an kankare rabi, amma hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu bai gama fita ba. Ta ce, "Ɗana, man gyaɗar garinku da wannan hoto yake zuwa?" Muka wuce. A hanya take gaya mini cewa duron da ba ta san abin da ya fara ɗauka ba, ko kyauta ba ta so. Roba tana shan abin da aka zuba mata, sabulu ba ya fitar da shi.

Tukunyar ƙasa ita ce ta asali, kuma har yau ba a kayar da ita ba wajen kwanan tsami da tashi. Tsami ba ya cin ta, tana riƙe sanyi, kuma tsohuwar randa takan riƙe ƙwayoyin gami a jikinta, shi ya sa giya ta fi saurin tashi a cikinta. Wannan halin nata shi ne kuma aibinta: in dahuwa ta taɓa lalacewa a ciki, lalacewar takan bi ta baya, sai an wanke da tafasasshen ruwa an kifa a rana. Ginin tukwane gadon matan Gbagyi ne. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, a hannun danginta mata ta koya kafin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Wajen saye, ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Wadda ta gasu za ta amsa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ki ji ƙwaf. Ki cika ta da ruwa ta kwana kafin ki yarda da ita. Ɗan gumi a jiki ba laifi, ɗiga ne laifi.

Duron ƙarfe da aka yanka biyu shi ne mafi araha a cikin manyan abubuwan dafawa, shi ya sa ya cika gidajen dahuwa. Araha ba ta ado. In ma an san asalinsa, tsatsa tana narkewa cikin ruwan tsami. Tun 1929 wani likita a Johannesburg ya bayyana yadda ƙarfe ke taruwa fiye da kima a jikin mutanen can, daga baya aka danganta abin da giyar gargajiya da ake dafawa a durorin ƙarfe. Hanta ce ke fara jin jiki. Bokiti ko baho na kwano, irin mai ruwan tutiya a jiki, shi ma tsami yana narkar da rufinsa, ya sa amai da ciwon ciki. A bar shi ga wanki.

Tukunyar alminiyon ta ƙirar gida, wadda ake narka tarkace a zuba, ita ce ta gidan biki, kuma tana da sauƙin ɗauka da saurin zafi. Matsalar ita ce ba a san abin da aka narka ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya samu dalma tana fita daga jikinsu in an tafasa ruwa mai tsami a ciki. Wanda ya ji labarin yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito, ya san dalma ba abar wasa ba ce. In ita ce hannunki ya kai, ki yi dahuwar farko a ciki, kafin tsami ya shiga, kuma kada ki bar komai ya kwana a cikinta.

Wadda ta fi duka ita ce tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda 'yan kasuwa ke kira silba. Tsami ba ya cin ta, wanki ɗaya ta fita tas, kuma za ta yi shekaru. Tsada ce kawai. Shawarata, in kuɗin bai kai babba ba, ki sayi matsakaiciya ki riƙa dahuwa biyu, maimakon ƙaton duron da ba ki san tarihinsa ba. Ki duba kaurin gindi, domin mai siririn gindi tana kama gasara, ƙauri kuwa in ya shiga ba ya fita.

Roba sabuwa tana da wurinta, wato ajiye ruwan sanyi da kai kaya wurin sayarwa. Ki juya gindinta: in akwai lamba 2 ko 5 a cikin alama mai kusurwa uku, ko hoton kofi da cokali mai yatsu, irin da ake yi wa abinci ce. Kada ki zuba mata abu yana tafasa. Kada kuma ki ɗaure murfin jarka tam a kan burukutun da ke tashi, iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta.

Batun girma, ki bar wa kumfa wuri. Tukunyar da ke cin lita 100, kada abin da ke ciki ya wuce lita 70 ko 75, in ba haka ba rabin wahalarki a murhu za ta ƙare. Kuma burukutu ba ya jira. Cikin 'yan kwanaki tsaminsa ke wuce sha. Girman tukunyarki ya bi yawan abin da kike sayarwa a kwana biyu, ba yawan abin da maƙwabciya ke dafawa ba.

Murhu, mataci da ƙananan kaya

Bayan dawa, itace ne ke cin kuɗi. Murhun duwatsu uku iska yake ɗumamawa. In kin gina murhun laka da ya rungume tukunya har wuya, da ƙofar itace guda da 'yar kafar hayaƙi a baya, za ki ga bambanci tun a dahuwar farko, idonki ma zai huta. Masu dolo a Wagadugu sun daɗe da komawa irin wannan. Ki sayi tukunya tukuna sannan a gina murhun daidai da ita.

Mataci biyu kike buƙata, kwando ko rariya mai manyan ido don dusa, da farin ƙyalle mai ƙarfi don tacewa ta biyu. Ƙyallen ya zama na wannan aiki kaɗai, a tafasa shi a shanya bayan kowane amfani. Muciya doguwa da ta kai gindin tukunya hannunki bai shiga tururi ba, babban ludayi, ƙorai. Mudunki ya zama ɗaya tak, don mudun Kasuwan Magani da na kasuwar Kachia ba lallai su zo daidai ba.

Abu na zamani guda da zan ce ki saya shi ne ma'aunin zafi na girki, mai dogon tsinke. Tsofaffi da gwiwar hannu ko yatsa suke aunawa, amma su shekara talatin suka yi suna ƙonewa kafin hannun ya koya. Wuri biyu zai cece ki: lokacin mayar da ruwan tsiyaya kan gasara, da lokacin zuba gami, wanda ke son zafi ya sauko ƙasa da na jikin mutum, wajen digiri 30. Gami a ruwa mai zafi mutuwa yake yi. Sai kuma littafi da biro. Ki rubuta mudu nawa, bokiti nawa, itacen nawa, ƙwarya nawa ta fita. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ranar da dahuwa ta ƙi, littafin ne zai nuna miki inda aka kauce.

Akwai abin da ba ya cikin kayan aiki ko kaɗan: ƙwaya, fiya-fiya, ko wani ruwan kanti da aka ce yana ƙara ƙarfi. Burukutu na gaskiya ƙarfinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da gubar metanol, wasu suka makance.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, ki zagaya gidanki ki rubuta duk mazubin da kike da shi, da abin da aka ƙera shi da shi, da abin da ya fara ɗauka in kin sani. Ki ja layi a ƙarƙashin waɗanda ruwan tsami zai iya kwana a cikinsu. Ranar kasuwa ki tambayo kuɗin randa babba, da tukunyar silba mai cin lita 50, da buhun algarara biyu, da ma'aunin zafi, ki rubuta kowanne da adadi. Sannan ki warware wannan: a ce kin zuba lita 75 a tukunya, tafasa ta cinye kashi ɗaya cikin biyar. Lita nawa ya rage? In ƙwaryar awonki tana cin rabin lita, ƙwarya nawa za ki samu? Ki zo da littafin aji, za mu haɗa farashin kowa a allo mu ga wace kasuwa ta fi sauƙi.